Ranar da Mataimaki Ya Shiga Kwali

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta girmamawa da kewa daga ƙanwarki, tare da addu'ar Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da tagwayenmu. Yaya aikin asibiti, yaya tsayuwar nan ta yini guda da kike kuka da ita? Allah ya ƙara miki lafiya da juriya, ya sa ladan ya fi gajiyar yawa. Mu nan kowa lafiya lau, sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi sosai, har ta koma hawa bene da kanta, ko da yake tana hawa tana yi wa wanda ya gina shi faɗa. Baba kuwa tun da ya ajiye aiki ya zama mai gyaran abin da bai lalace ba. Kwanan baya ya kwance fankar falo wai tana ƙara, yanzu ƙarar ta daina, juyawar ma ta daina. Auta tana koyon tuƙi, kuma ina mai baƙin cikin sanar da ke cewa tukunyar furen bakin ƙofa ta riga mu gidan gaskiya.

Yaya, na san kina fushi da ni kan shirun da na yi. Ki yi haƙuri, wani abu ne ya sha mini kai a makaranta, kuma labarinsa ya fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na ɗauki biro. A farkon zangon nan aka ƙara mana wani babi a darasin lissafi na 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare. An ce mu koya musu yadda na'urori ke yanke hukunci a kan mutane a zamanin nan, wa za a kira ganawar neman aiki, wa za a ba gurbin karatu, da yadda ake gane ko hukuncin ya yi adalci. Littafin jagoran malami ya ɗauka kowane yaro yana da kwamfuta a gabansa. Mu kuwa ɗakin kwamfutarmu yana kulle tun da rufinsa ya yi yoyo silin ya rufto. Na yi tagumi na rasa ta inda zan fara, sai ga maƙwabciyarmu ta sayi sabon firji ta jefar da kwalinsa a bakin ƙofa. Na roƙe ta, ta ba ni tana kallona kamar wadda ta taɓu. Baban yara ya ɗaure shi a saman mota ya kai mini makaranta, duk hanya yana cewa wai da ya san malamar bola zai aura da ya sake shawara.

Na yanka wa kwalin baki biyu, ɗaya na shigar da kati, ɗaya na fitar da amsa, na rubuta NA'URA a goshinsa da manyan baƙaƙe. Sharaɗin wasan shi ne duk wanda ya shiga ciki an hana shi tausayi, an hana shi sanayya, ƙa'idar da aka ba shi kawai zai bi ya miƙo "e" ko "a'a". Wanda ya fara shiga wani yaro ne da suke kira Dogo, mai shiru-shiru, amma ba abin da hannunsa ba ya iya haɗawa. Na ba shi zanen wasu yara na ƙirƙira, na ce waɗannan su ne tsofaffin 'yan ƙungiyar muhawara, ya duba su ya fitar da ƙa'idar zaɓen sababbi da kansa. Da gangan na sa wa kusan dukkansu gilashi. Dogo ya duba ya duba, ya yanke cewa mai gilashi shi ne gwanin muhawara. To akwai wata yarinya a ajin da ake kira Lauya, wadda ko da bango sai ta yi gardama ta ci. Tana tura katinta sai ga "a'a" ya fito, don ba ta sa gilashi. Aji ya kwashe da dariya har da buga benci. Ta riƙe ƙugu ta ce na'urar maƙaryaciya ce. Dogo ya amsa daga cikin kwali cewa shi bai yi ƙarya ba, abin da aka nuna masa ya koya. Na rubuta maganarsa a allo na ce su kwafe, darasin ranar ke nan.

Bayan wannan na sa suka tara mini murafen kwalba guda ɗari, casa'in shuɗaye, goma jajaye, kowanne a matsayin mutum. Na'ura ta yi hukunci a kansu, muka duba muka ga ta yi daidai a casa'in, ta yi kuskure a goma. Yara suka tafa, wai casa'in cikin ɗari ai ta ci jarrabawa da kyau. Sai na ce a zube mini goman da aka yi wa kuskure a kan tebur. Takwas jajaye ne, biyu shuɗaye. Na ce to kowa ya lissafa, idan kai ja ne, sau nawa cikin goma za a cuce ka, idan kuma shuɗi ne fa? Yaya, yaran da na shekara ina fama da su kan lissafin kaso suna hamma, ranar nan kokawar alli suke yi. Tun daga nan duk abin da aka ce yana aiki da kyau, tambayarsu ɗaya ce: su wane ne jajayen?

Ban san tambayar za ta fita daga aji ta biyo ni ba. Duk shekara makarantarmu tana kai 'yan aji biyu ziyara cibiyar kimiyya, inda akwai ɗakin kallon taurari, kuma yaranmu suna ɗaukar tafiyar kamar zuwa wata duniya. Mota ɗaya ce, ba ta ɗaukar fiye da ɗaya cikin uku. Bara an yi rigima, iyaye suka ce malamai sun zaɓi 'yan gaban goshinsu. Saboda haka bana mataimakin shugabar makaranta ya ɗauki alwashin ba za a sake ba. Mataimaki mutum ne mai gaskiya, Yaya, ba ya kallon fuska, sai dai ba ya son a taɓa aikinsa. Ya tsara ƙa'ida da kwamfutar ofis za ta bi: a haɗa makin jarrabawa da na aikin gida, a cire maki kan kowace makara, waɗanda suka fi yawa su hau mota. Ya liƙa ta a allon sanarwa yana alfahari cewa babu hannun mutum a ciki. Ni kaina da na karanta na ce madalla.

Washegari Lauya ta ɗaga hannu tun ban ajiye jaka ba, ta ce tana so a saka ƙa'idar Mataimaki a cikin kwali a ga su wa za ta tsallake. Na sha jinin jikina, amma da wane baki zan hana su abin da ni na koya musu? Na ce da sharaɗi, ba za a ambaci sunan kowa ba. Kowa ya cike kati ba suna, ya rubuta makinsa, da yawan makararsa, da ko gidansu yana kusa da makaranta ko ƙetaren gada. Kin san gadar nan mai cunkoso da safe, inda mota kan tsaya har direba ya kashe ta. Ɗaya cikin huɗu na ajina daga can suke zuwa. Da muka gama tura wa Dogo cikin kwali, sai muka ware katunan gida biyu, na kusa da na ƙetare. A jarrabawa 'yan ƙetare ba su gaza na kusa ba ko kaɗan, amma a cikinsu kaf kati ɗaya tak ya samu "e". Dogo ya fito daga kwali, ya koma bencinsa ya sunkuyar da kai. Shi ma ɗan ƙetare ne, kuma ya gane katinsa lokacin da ya ba shi "a'a" da hannunsa.

Lauya ta ce magani mai sauƙi ne, a soke batun makara gaba ɗaya. Sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta miƙe. Sammako suke kiran ta, don kullum ita mai gadi ke fara buɗe wa ƙofa. Ta ce katin nan ɗaya nata ne. Ta ce tun gari bai waye ba take fitowa tare da mahaifiyarta mai aiki a gidan burodi, ta zauna a bakin ƙofar makaranta tana jira, yanzu kuma a ce mata duk wannan bai zama komai ba? Wani daga bencin baya ya ƙara da cewa idan an soke makara, wanda gidansu ke kallon ƙofar makaranta amma kullum sai ya makara saboda barci, shi zai fi kowa cin riba. Aka kawo shawarar a ware wa 'yan ƙetare kashi ɗaya cikin huɗu na kujeru, aka lissafa, sai ga wasu na kusa masu maki sama da nasu sun faɗo. Duk gyaran da aka kawo, sai an samu wanda ya taka. Suka juyo gare ni wai in faɗa musu amsar. Na ce wallahi ba ni da ita a aljihu, mu ci gaba da nema tare.

Kafin mu samo ta, magana ta kai ofis. Mahaifin Lauya, mai kantin magani, ya zo da kansa ya ce ya buɗe jakar 'yarsa ya ga murafen kwalba maimakon aikin lissafi, ga jarrabawa ta matso. Mataimaki kuma ya ji wai ana yi wa ƙa'idarsa shari'a a ajina, gaisuwarsa ta koma ɗaga hannu daga nesa. Shugaba ta kira ni. Ta ce ita ba ta hukunci da ji-ta-ji-ta, in kawo kwalin da yaran gaban taron malamai da wakilan iyaye. Idan aka ga wasa ne, kwali zai bar makaranta, ajin kuma za a ba wani malami ya shirya su jarrabawa. Da na gaya wa Inna, cewa ta yi in dai na tabbata yaran sun fahimci abin, in rufe bakina in bar su su yi magana. Shawararta na bi.

Ranar taron aka jera kujeru a ɗakin karatu, kwali a tsakiya, gefensa duk ya sha salatif. Lauya ta yi bayani a taƙaice, abin da ban taɓa sanin ta iya ba, sannan ta raba wa iyaye da malamai katunan nan marasa suna, ta roƙi kowa ya ɗauka na ɗansa ne. Dogo ya taso zai shiga kwali, sai Mataimaki ya miƙe ya ce a'a, ƙa'idar tasa ce, shi zai shiga, kada gobe a ce yaro ya yi coge. Yaya, kin san shi, ƙaton mutum ne mai tumbi. Sai da ya tuɓe kwat, ya zauna a kan 'yar kujera, malamai biyu suka kifa masa kwalin, takalmansa suna leƙowa ta ƙasa. Shugaba ta yi ta tari a cikin hankici, ni kuwa silin na ƙura wa ido don kada mu haɗa ido da kowa.

Aka fara tura kati. Masu riƙe da na kusa suna samun "e" da "a'a" a gauraye, masu na ƙetare kuwa sai "a'a" ke fito musu, suna komawa gefe guda suna taruwa. Dariya ta ɗauke. Katin da ya faɗo hannun mahaifin Lauya na wani ɗan ƙetare ne mai makin jarrabawa da ya fi na kowa. Da ya ga "a'a" sai ya ƙwanƙwasa kwalin ya ce an yi kuskure, a sake lissafi. Muryar Mataimaki ta fito daga ciki a hankali, ya ce babu kuskure, abin da ƙa'idar ta bayar ke nan. Can sai ya ce a ɗage masa kwalin. Ya fito sharkaf da gumi, ya ce ya tsara ƙa'idar ne don kada a sake cutar yaro saboda ba shi da uwa a gindin murhu, amma shi a bayan makaranta yake zaune, gadar nan ba ta taɓa faɗo masa a rai ba. Bai tsaya kare kansa ba, ya miƙa hannu ya ce a ba shi alli.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi faranta mini rai. Yaran suka kawo shawarar da suka tsaya a kai, cewa a auna makarar kowa da matsakaicin makarar 'yan ɓangarensa, wanda ya fi 'yan uwansa sammako ya samu ƙari, wanda ya fi su makara a rage masa. Ta haka wahalar Sammako ba ta tafi a banza ba, mai barcin bakin ƙofa kuma bai ci bulus ba. Mataimaki ya gwada a allo, ya ce ya yi kyau, amma ya hango rami. Ya tambaye su yaron da ya yi jinya fa, ko wanda suka sauya gida a tsakiyar zango? Suka kalli juna, ba su yi tunanin wannan ba. Dogo ne ya buɗe baki, ya ce shi da ya zauna a cikin kwali ya san akwai abin da ba a gani daga ciki, don haka a bar ƙofa, duk wanda ke da uzuri ya samu mutum mai kunne ya faɗa masa. Mataimaki ya rubuta wannan a matsayin sharaɗi na ƙarshe ya ja masa layi. Aka kaɗa ƙuri'a, hannu bai rage a ƙasa ba. Shugaba ta ce kwali ya zauna, ajina ya zauna a hannuna, kuma tana so sauran azuzuwa su gani. Mahaifin Lauya ya same ni a bakin ƙofa ya ce Malama a yi haƙuri, sannan ya tambaya ko ina buƙatar kwalaye, kantinsa cike yake da su. Da jarrabawa ta zo kuwa, a ɓangaren kaso ajina ne ya zo kan gaba, har malamin ɗaya ajin yana tambayata ko asiri nake yi musu.

Sai dai ba a gama ba, Yaya. Da aka bi sabuwar ƙa'ida aka fitar da masu tafiya, Dogo ya samu, Sammako ta samu, 'yan ƙetare sun shiga daidai gwargwado. Lauya ce ta faɗo, da ɗan ƙiris. A tsohuwar ƙa'ida tana da kujera, ta kuma san haka tun farko, abin da ba ta zata ba shi ne gyaran zai hau kanta. Ta same ni a aji lokacin hutun tara, idanunta jajir, ta ce in ba ta makinta da alli. Ta lissafa a allo, ta goge, ta sake lissafawa. Na tuna mata akwai ƙofar kai uzuri, mahaifinta ma ya ce zai shigar mata. Ta girgiza kai ta ce ba ta da uzuri, aikin gida ne ta yi wasa da shi tana can tana gardama. Ta ce abin da ciwo, Malama, amma lissafin daidai ne. Na jawo ta na rungume, muka ɓata wa juna kaya da alli.

Ranar tafiya ta riga kowa zuwa bakin mota. Ta tsaya tana ba Dogo umarni ta taga, wai ya kalli komai sau biyu, ɗaya nasa ɗaya nata, kuma idan ya dawo ya ce ya manta wani abu za su haɗu. Mota ta tashi, Mataimaki a kujerar gaba yana ɗaga mana hannu har da murmushi. Na zaci za ta fashe da kuka. Sai ta share fuska da bayan hannu, ta juyo ta ce 'yan aji ɗaya suna jira, Shugaba ta ba ta darasin safe ta nuna musu, in zo in kama mata kwalin ta gefe ɗaya. Na kama, tana gaba ina biye, har cikin ajin. Na zauna a bencin baya kamar ɗaliba, ina sauraronta har aka kaɗa ƙararrawa. A duk shekarun da na yi ina koyarwa, ban taɓa jin daɗin aikina kamar wannan safiya ba.

Labarin ke nan, Yaya, ki taya ni godiya ga Allah. Ki gaishe mini da maigidan da kyau, ki ce muna yi masa addu'ar samun sauƙin ciwon bayan nan. Ki shafa mini kan tagwaye, ki ce Ƙaramar Inna tana kewar surutunsu. Inna da Baba suna sa miki albarka, Gwaggo ta ce ki daina yi mata rowar hotuna, Auta da baban yara da yaran duk suna gaisuwa. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Malama